Ranar da Lambar Gem Ta Kai Sifili

Washegarin babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu na firamare, Yaya Sani ya shigo gidanmu na Gummi da wani kwali ɗaure a bayan babur. Ina zaune gaban murhu ina taya Inna juya suyar naman layya, zafin bazara na dukan bayana, na wuta na dukan gabana, sai na ga ya jingine babur a zaure, ya rungumi kwalin ya wuce ɗakin amaryarsa Luba yana wani murmushin ƙasaita. Mu yaran gidan ba ma jiran gayyata. Kafin ya gama kwance igiya mun cika ɗakin, ni da yayana Garba da ƙannenmu da wasu 'ya'yan maƙwabta da ban san ta inda suka ɓullo ba. Abin da ya fito daga kwalin bai cika ido ba: wani ɗan akwatin roba mai ruwan toka, da kaset rawaya, da abin dannawa mai doguwar waya wanda daga baya muka riƙa kira hannu. Yaya ya ce sunan abin gem. Ya jona shi da talabijin, ya maƙala wayoyi a kan batirin mota, sai ga wani guntun mutum ya bayyana a gilashi, tsaye, yana jiran a ce masa tafi. Naman da aka bar mini ya kusa zama gawayi a ranar, na kuwa sha rankwashi a kansa.

Talabijin ɗin ba ta Yaya ba ce, ta Luba ce. Ƙarama ce, mai hoto baƙi da fari, irin wadda ke aiki da batir, don wutar lantarki ba ta iso unguwarmu ba a lokacin. Mahaifinta ne ya sa mata ita cikin kayan ɗaki, kuma duk wanda ya rako amarya daga Adabka sai da ya tabbatar mun ji cewa ɗaya daga cikin shanun nomansa ya sayar kafin ya saye ta. Tana kan kabad, tsakanin jeren kwanonin samira, an lulluɓe ta da wani ƙyalle da Luba ta saƙa da hannunta. Kullum sai ta goge ta da safe, tun kafin ta wanke fuskarta. Ina jin duk sanda kewar gida ta taso mata, ita take kallo ko da a kashe take. Inna kuwa tun ranar da aka sauke kayan ta ɗaure fuska. Ita mace ce da ke auna mutum da aikin hannunsa, kuma na ji da kunnena tana gaya wa maƙwabciyarmu ta kan katanga cewa, "Matar da taz zo da akwatin kallo, zama taz zo yi." Ba ta taɓa yi wa Luba faɗa ba, amma ba ta taɓa sakar mata fuska ba. Luba kuma kunyar suruka ta hana ta ko ɗaga ido a gabanta; in Inna ta yi magana, sai dai ta durƙusa ta ce to.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Guntun mutumin nan za ka kora gaba, ya tsallake rami, ya tsallake wasu halittu masu kama da kunkuru, har ya isa ƙarshen hanya. Rai uku gare shi. In ya faɗa rami rai ɗaya ya tafi, sai ya koma farko. In duka suka ƙare, sai hoton ya koma shafin fari ya tsaya cak. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne wata lamba a can sama, gefen dama, wadda ke raguwa ita kaɗai ko kana tafiya ko kana tsaye. Idan ta yi ƙasa sosai, sai kiɗan wasan ya canja, ya riƙa gudu kamar makaɗi ya hango ruwa. Garba ne ya warware mana matsalar, don shi duk abin da ba a sani ba a duniya ya sani. Ya taɓa leƙa gidan kallo a bakin kasuwa, ya ga fim ɗin da aka ɗaura wata na'ura mai lamba tana raguwa, da ta kai sifili gini ya tashi. Saboda haka ya tara mu ya yanke hukunci: ranar da lambar nan ta kai sifili, talabijin za ta kama da wuta. Muka tambayi Yaya Sani, sai ya yi dariya ya ce mu gwada mu gani, ya hau babur ya tafi ƙauyuka sayen hatsi, wanda shi ne sana'arsa. Yau na gane shi ma bai sani ba, don bai taɓa daɗewa a wasan har lamba ta yi nisa ba. Mu kuwa a lokacin dariyar nan muka ɗauka a matsayin shaida.

Daga nan doka ta kafu. Duk wanda ke riƙe da hannu, da zarar kiɗa ya fara gudu, dole ya nemi rami mafi kusa ya jefa mutumin ciki, ko da kuwa yana hango ƙarshen hanya. Sauran yara na bayansa suna ihun rami, rami, har da masu dukan ƙeyarsa. In ya faɗa, lamba ta koma sama ta fara sabon lissafi, sai kowa ya saki numfashi. In kuma tashi za a yi gaba ɗaya, ko dai a kashe rayukan nan duka, ko Luba ta zo ta cire waya daga batir. Ita kaɗai ke taɓa wayar, don tana tartsatsi, kuma Garba ya gaya mana cewa ta taɓa maƙale wa wani yaro a Anka har ya suma. Madannin tsakiya, wanda na sani yanzu shi ke tsayar da wasa, tun a shago ya lotsa, ba mu taɓa sanin amfaninsa ba. Luba ma ta yarda da zancen wutar ɗari bisa ɗari. In kiɗan ya sauya tana tsakar gida tana tankaɗe, sai ka ga ta leƙo da gari a hannu tana roƙonmu da Allah da Annabi mu jefa shi.

Duk da wannan fargaba ba ta hana mu ɗakinta ba, kuma ni ce na fi kowa morewa. Tsakanin matar yaya da ƙanwar miji akwai wasa, sai ta riƙa kirana uwar miji ƙarama, ni kuma ina ce mata baƙauya, alhali ta fi ni iya komai. Ranakunmu a cike suke: makarantar allo da sassafe, boko har azahar, inda makara ke jawo tsallen kwaɗo a gaban aji, sannan ɗibar ruwa a rijiya, da yankan ciyawar awaki, da wankin kwanoni. Da can duk ɗan sararin da ya rage na 'yar gala-gala da carafke ne a ƙofar gida. Zuwan gem ya sa duwatsun carafkena suka yi ƙura a bayan randa. Nakan yi sauri in gama aikina, Luba ta taya ni a ɓoye, sai mu shige ɗaki ta saki labule. Ita ba ta cika dannawa ba, ta fi son ta zauna a bakin gado tana tsefe kai tana yi mini dariya in na faɗa rami ba da niyya ba. A wannan ɗakin ne kawai nake jin muryarta a sake, har da waƙe-waƙen garinsu.

Sana'ar Inna shinkafa ce. Takan sayi samfarera, wato shinkafar da ba a cashe ba, daga manoman fadama, ta jiƙa ta kwana, ta turara a rabin duro, sannan ta baza a tabarmi da buhunan da aka farke, tsakar gida kaf har bakin turken awaki. Sai ta bushe sarai ake kai ta inji a cashe, a fitar kasuwa. Shinkafar da aka turara ba ta shiri da ruwan sama. In ya dake ta, sai ta yi baƙi ta yi wari, mai saye ya shinshina ya wuce. Da wannan sana'a ake yi mana cefane da sabulu da kayan makaranta, don abin da Baba ke nomawa na ci ne. Shi ya sa in damina ta kusa, Inna ba ta cika zama ba. Idonta ɗaya na kan shanya, ɗaya na gabas.

Ranar da nake son ba da labari wata Alhamis ce a farkon damina, bayan azahar. Baba da Garba suna gona wurin shuka, Yaya Sani yana kan hanya, ƙannena an aike su. Shanyar ranar ita ce mafi girma da Inna ta yi a shekarar. Ni kuwa na samu abin da na daɗe ina nema: hannu a hannuna, ba mai jira a bayana, ba mai dukan ƙeya. Ban daɗe da farawa ba sai haske ya dushe, iska ta ɗaga labule, na ji Inna ta ƙwala kira ta ce hadari. Luba ta yi wuf ta fita ko ɗankwali ba ta gyara ba. Na jefa mutumin a rami da sauri, amma saura rai biyu, sai ga shi ya dawo farko, lamba ta soma sabuwa. Kafin in kai shi wani ramin Inna ta sake kira, wannan karon da cikakken sunana, Asma'u, ba Ma'u ba. Wanda ya san Inna ya san ba a jiran kira na uku. Na ajiye hannu na fita a guje, da niyyar in raɗa wa Luba ta je ta cire waya.

Na same su duƙe, suna tattara shinkafa da ƙwarya da hannu suna zubawa a buhu, iska na kwasar ƙasa tana watsa musu. Inna ta miƙo mini bakin buhu ta ce in riƙe. Da Luba ta matso za ta zuba, na raɗa mata cewa gem na kunne, mutumin yana tsaye, lamba na tafiya. Na ga yadda fuskarta ta sauya. Ta dubi ƙofar ɗakinta, wadda ba ta da wani nisa, ta dubi Inna da ke jan tabarma ita kaɗai, sannan ta sunkuya ta ci gaba da kwasa. Amarya ba ta barin surukarta a kan aiki ta shige ɗaki, balle ta buɗe baki ta ce bari in je in duba kayana. Na sake raɗa mata, ta girgiza kai kawai. Yayyafi ya fara sauka, manyan ɗigo masu ɗumi. Can sai na jiyo shi ta cikin labule, kiɗan nan mai gudu. Ina riƙe da buhu ina kallon Luba, hannunta bai tsaya ba, hawaye na bin kumatunta tare da ruwan sama. Muka ja buhu na ƙarshe zuwa ɗakin ajiya daidai lokacin da ruwa ya ɓarke da gaske.

Muna shiga ƙarƙashin rumfa aka saki wata tsawa da ta girgiza kwanon rufi. Ni dai ban yi wata shakka ba, na san talabijin ce ta tashi. Na fashe da kuka ina faɗin ta ƙone, ta ƙone. Inna ta riƙe kafaɗata ta ce in yi mata magana irin ta mutane. Cikin shessheƙa na zayyane mata komai, da lamba, da sifili, da fim ɗin Garba, da sanin da Luba ta yi tun muna tsakiyar kwasa. Inna ta tsinci wani jiƙaƙƙen buhu a ƙasa, ta ratsa ruwan ta nufi ɗakin. Tun da aka kawo Luba, Inna ba ta taɓa taka ɗakin nan ba, don uwa ba ta shiga ɗakin ɗanta haka kawai. Ranar ta ɗaga labule da bismillah ta shiga, muna biye da ita muna ɗiga.

Ba hayaƙi, ba ƙauri. Kwanonin samira na nan a jere, talabijin na nan a kan kabad, guntun mutumin yana tsaye a farkon hanya kamar ba abin da ya faru a duniya. Ransa dai ya ragu saura ɗaya, lamba kuma ta sake sabon lissafi, har ta yi ƙasa. Luba ta yunƙura za ta cire waya, Inna ta ɗaga mata hannu, ta ce a bar shi ta ga ƙarshen abin da idonta. Ta tsaya da buhun a ɗage, a shirye. Kiɗa ya fara gudu. Na ɓuya a bayan zanen Inna, Luba ta rufe fuska amma tana leƙe ta tsakanin yatsu. Lamba ta kai sifili. Mutumin ya yi wani ɗan tsalle, ya zube ƙasan gilashi, kiɗa ya yi wata 'yar shewa, hoton ya koma shafin fari ya tsaya.

"Shi ke nan?" in ji Inna. "Mutuwa ɗai yay yi?"

Ban taɓa jin sanyi a raina irin na wannan lokacin ba. Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya ina kuka. Luba ta jingina da bango tana maimaita alhamdulillahi. Inna ta ajiye buhun, ta juyo ta dube ta sosai, irin duban da ban taɓa ganin ta yi mata ba. Ta tambaye ta ko da gaske ta yarda abin zai ƙone. Luba ta sunkuyar da kai ta ce e.

"Kuma kinka tsaya?"

Inna ta fita, ba da jimawa ba ta aiko ni da zane da kallabi daga cikin akwatinta, na atamfar da take ji da ita, ta ce in kai wa Luba ta canja kada sanyi ya kama ta. Da la'asar kuma ta dama kunu mai zafi ta kai mata da kanta.

Garba ya dawo daga gona ya tarar sarautarsa ta rushe. Ya so ya ce wai irin tamu ce ba ta fashewa, ta Kano na fashewa, amma ba wanda ya saurare shi, kuma daga ranar sunansa ya koma Injiniya. Har yau da furfura a gemunsa 'ya'yansa na jin ana kiransa haka ba su san dalili ba. Mu kuma muka daina jefa bawan Allah a rami ba laifin tsaye ba na zaune. Sai a lokacin muka ga amfanin lambar: wanda ya tsaya jan jiki ko leƙe-leƙe, lokaci ya cinye shi, ya miƙa hannu ga na baya ba tare da gardama ba, don ba wanda zai ce an yi masa son kai. Da na girma na ji cewa irin waɗannan wasanni a shaguna suka fara, inda mutane ke layi, aka sa musu lokaci don kada mutum ɗaya ya kwana a kai. Inna ba ta jira wani ya yi mata wannan bayani ba. Ita da ba ta da agogo, sai ta mai da gem agogonta. In ta baza shanya takan ce mu je mu yi, amma duk wanda lambarsa ta ƙare ya fito ya juya mata shinkafa kafin ya koma layi. Wani lokacin har takan zauna a bakin ƙofar Luba tana tsince tsakuwa a faifai, suna hira ƙasa-ƙasa, mu muna ciki muna ihu.

Yanzu ina zaune a Gusau da 'ya'yana, kuma wasannin da ke cikin wayoyinsu ba su da lamba a sama, ba su da ƙarshe. Yaro zai duƙufa tun hantsi har magariba ba abin da zai ce masa ya isa, sai ni. Da can na'ura ke ɗaukar baƙin jinin, yau uwa ke ɗauka. Kowa kuma da tasa a hannu, ba layi, ba wanda ke jiran wani, ba mai ihu a bayan wani. Nakan yi kewar ɗakin nan mai ƙamshin turaren wuta, da mu cunkushe a ƙasa muna zufa.

Inna ta rasu shekarun baya, a hannun Luba, don a ciwonta na ƙarshe ba ta yarda kowa ya juya ta sai ita. Luba ce ke turara shinkafa a gidan yanzu, jikoki na kiranta Inna. Zuwana na ƙarshe, muna zaune muna gadin shanya daga kaji, na tambaye ta abin da ya hana ta sheƙawa ɗaki a ranar, tun da ko minti ɗaya ba zai ɗauke ta ba. Na zaci za ta ce kunya. Ta kori wata kaza da kara.

"Kunya na ciki," ta ce. "Amma ni dai na duba na gani, talabijin tawa ta, ni ɗai. Shinkafa kau ta gidanmu ta."

Har yau in na tuna sai na yi ajiyar zuciya da talabijin ɗin ba ta ƙone ba, don da ta ƙone ɗin ma Luba ba za ta ɗaga kai daga tabarmar nan ba.